Me ya sa magungunan kumburi ke aiki a ɓeraye amma su gaza a masu shanyewar ɓarin jiki?

Ɗalibar Likitanci ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina shirya gabatarwa a kan shanyewar ɓarin jiki irin wadda toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ke haddasawa, ban da irin wadda jijiya ke fashewa jini ya malala, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda nake neman ku warware mini shi. Matakin farko na cutar a fili yake: gudan jini ya toshe hanya, iskar oksijin da sukari sun daina isa wani yanki na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin jijiya sun fara mutuwa cikin mintuna. Sai dai duk abin da na karanta yana nuna cewa ɓarnar ba ta tsayawa a nan, domin kumburi yana biyo baya, yana kuma ci gaba da cin nama har na kwanaki, ko da an buɗe hanyar jinin.

Tambayata ta farko ita ce, tunda babu ƙwayar cuta ko ɗaya da ta shiga ƙwaƙwalwar, mene ne ke tayar da garkuwar jiki, kuma ta wace hanya? Ta biyu kuwa ita ta fi damuna. Idan har an san sunayen furotin ɗin da ke wannan aiki ɗaya bayan ɗaya, me ya hana a samu ko da maganin kumburi guda a cikin abin da aka yarda a ba majinyaci da zarar ya iso asibiti? Abin da ake da shi har yanzu shi ne allurar narkar da gudan jini da kuma zaro shi da siririn bututu. Shin fahimtar ce ke da gyara, ko kuwa gwaje-gwajen ne?

Malamin Garkuwar Jiki ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan ɗauki tambayar farko, in bar ta biyu ga waɗanda ke tsaye a kan marasa lafiya kullum.

Ƙwayar jijiya tana kashe kaso mai yawa na makamashinta, wato ATP, wajen tafiyar da famfunan da ke fitar da sodiyam su shigo da fotasiyam. Da jini ya yanke, ATP zai ƙare cikin mintuna kaɗan, famfunan su tsaya, sinadarin gulutamet ya malala tsakanin ƙwayoyin ya buɗe ƙofofin da ke bangon ƙwayar jijiya waɗanda ake kira NMDA, kalsiyam ya kwarara ciki fiye da ƙima, ya kunna sinadaran da ke narka furotin da kitsen bangon ƙwayar, ya kuma lalata mitokondiriya, wato ɓangaren ƙwayar da ke samar mata da makamashi. Wani lissafi da Jeffrey Saver ya fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe ba a buɗe ta ba, ana asarar ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 1.9 a kowane minti. Tsakiyar yankin kan mutu nan take. Gefensa kuwa, wanda Astrup da Siesjö da Symon suka bayyana a 1981, yana samun ɗan jini daga maƙwabtan jijiyoyi, ya daina aiki amma bai mutu ba, yana nan rai kwakwai mutu kwakwai. A kan wannan gefe ake dukkan fafutukar.

Garkuwar jiki ba ƙwayar cuta kaɗai take ganewa ba, tana gane abin cikin gida idan ta gan shi inda bai kamata ba. Furotin ɗin HMGB1, alal misali, mazauninsa cikin cibiyar ƙwayar halitta, inda yake manne da DNA, kuma muddin yana can babu wanda ya damu da shi. Amma idan ƙwayar ta fashe ya fito waje, zai haɗu da furotin masu karɓar saƙo (makarɓai) irin su TLR4 da TLR2 da RAGE a jikin maikurogiliya, wato ƙwayoyin garkuwa mazauna ƙwaƙwalwa, kuma TLR4 ɗin nan shi ne makarɓin da ke gane bangon wasu bakteriya. Saƙon zai shiga ciki ya saki wani furotin mai suna NF-κB, shi kuma ya wuce cibiya ya buɗe umarnin ƙera sinadaran da ke yaɗa saƙon kumburi, wato TNF da IL-6 da kuma IL-1β a sigarsa ta farko wadda ba ta aiki tukuna.

Akwai mataki na biyu da ya kamata ki tsaya a kansa, domin yana nuna cewa jiki bai yarda a saki IL-1β da saƙo ɗaya ba. ATP ɗin da ya zube daga matattun ƙwayoyi yana buɗe ƙofar P2X7, fotasiyam ya fice daga cikin maikurogiliya, wannan raguwa kuma ta sa furotin ɗin NLRP3 ya haɗu da abokan aikinsa su zama dunƙule guda mai kunna kasfes-1. Kasfes-1 zai yanke IL-1β da IL-18 su zama masu aiki, ya kuma yanke gasdamin D, wanda guntunsa ke zuwa ya huda ramuka a bangon ƙwayar. Ta waɗannan ramuka IL-1β ke fita, daga bisani ita kanta ƙwayar tana iya fashewa ta zubar da ƙarin HMGB1 da ATP, sai zagayen ya sake farawa a ƙwayar da ke kusa.

A daidai wannan lokaci rufin cikin jijiyoyin jini shi ma yana canzawa. Furotin masu kama fararen ƙwayoyin jini suna bayyana a jikinsa: P-selektin yana fitowa fili cikin mintuna saboda dama a ajiye yake, ICAM-1 da VCAM-1 kuwa sai bayan awanni, tunda sai an ƙera su. Fararen ƙwayoyin jini irin niyutirofil, waɗanda a da suke wucewa da gudu, za su fara mirginawa a hankali a jikin bangon, su manne, wasu su toshe ƙananan jijiyoyi da jikinsu, wasu su kutsa cikin nama. Suna ɗauke da MMP-9, wanda ke yanke kulaudin-5 da okuludin, wato furotin ɗin da suka ɗinke shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Da shingen ya ɓalle, ruwa zai taru a ƙwaƙwalwa, wani lokaci jini ma ya tsiyaya cikin mataccen yankin. Niyutirofil kuma sukan amayar da DNA ɗinsu ya zama raga, an kuwa samu wannan raga a cikin gudajen jinin da aka zaro daga jijiyoyin majinyata, abin da ke taimakawa wajen bayyana dalilin da wasu gudaje ke ƙin narkewa, tunda altefiles, wato allurar narkar da gudan jini, zaren fibirin da ke ɗaure gudan yake sa a narkar, ba ya taɓa DNA. A 2018 an nuna cewa akwai ƙananan hanyoyi tsakanin ɓargon ƙoƙon kai da rufin ƙwaƙwalwa, kuma a ɓeraye niyutirofil suna bi ta nan kai tsaye. Bayan kwana biyu zuwa uku wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, masu fitar da IL-17, sukan ƙara wa abin ƙarfi.

Kada dai ki tsaya a nan ki ɗauka duk wannan sharri ne zalla. A 2016 masu bincike a Budafes sun kawar da kusan dukkan maikurogiliya daga ƙwaƙwalwar ɓeraye kafin su toshe musu jijiya, sai mataccen yankin ya ƙaru da kashi 60 cikin 100. Haka nan a 2006 an nuna cewa idan aka hana MMP aiki bayan mako guda da faruwar abin, murmurewa ce ke lalacewa, domin a lokacin ana buƙatarsa wajen gina sababbin jijiyoyin jini. Ƙwayoyin da suka zo da ɓarna a kwanakin farko, su ko danginsu ne ke kwashe gawarwakin ƙwayoyi daga baya, su fitar da IL-10 da TGF-β masu kwantar da tarzomar. Rabon da ake yi wa maikurogiliya da danginsu zuwa M1 mai ɓarna da M2 mai gyara yana da sauƙin koyarwa, amma ni ban cika son sa ba, saboda binciken da ake yi wa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ya nuna sigogi da yawa a tsakani, kuma ƙwaya guda tana iya ɗauke da alamun ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya.

Likitan Jijiyoyi ya amsa:

Malam ya shimfiɗa tushen, Allah ya saka da alheri. Ƙanwata, fahimtar ba ƙarya ba ce, amma tarihin gwaje-gwajen yana da ɗaci, kuma ya kamata ki san shi dalla-dalla.

Enlimomab shi ne darasin farko. Magani ne da ke toshe ICAM-1 don kada niyutirofil su manne, a dabbobi kuma ya yi kyau ƙwarai. An gwada shi a mutum 625, aka wallafa sakamakon a 2001, sai ga shi waɗanda suka karɓe shi sun fi nakasa, sun fi mutuwa, sun fi yin zazzaɓi da kamuwa da cututtuka. Daga jikin ɓera aka samo furotin ɗin, don haka garkuwar mutum ta ɗauke shi baƙo ta yi masa ca, wato maganin kumburin ne da kansa ya tayar da kumburi. Natalizumab, wanda ke hana ƙwayoyin T tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar toshe furotin ɗin VLA-4 da suke mannewa da shi, kuma yake aiki sosai a wata cutar jijiya ta daban, bai rage girman mataccen yanki ba a gwajin ACTION na mutum 161 a 2017, gwaji na biyu a 2020 ma bai nuna amfani ba. Anakinra mai toshe makarɓin IL-1, a gwajin SCIL-STROKE na Ingila a 2018, ya sauke IL-6 da CRP, alamun kumburi da ake aunawa a jini, yadda aka zata, amma ba a ga bambanci a murmurewar majinyata ba. Tun a 2006 wani nazari ya ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada don kare ƙwaƙwalwa a wannan cuta, kuma har yau babu ɗaya a cikinsu da ya samu karɓuwar duniya baki ɗaya.

Dalilan da nake gani sun fi ɗaya. Ɓeran ɗakin gwaji yawanci matashi ne, namiji, lafiyayye, alhali majinyacin da ke gabanmu dattijo ne mai hawan jini ko ciwon sukari, wanda garkuwarsa ta daɗe da canzawa. A ɓera ana auna girman mataccen yanki bayan kwana ɗaya zuwa uku, a mutum kuwa tambayar ita ce ko yana iya tafiya, ya yi wanka, ya ci abinci da hannunsa bayan kwana 90. Amma dalilin da na fi ba nauyi shi ne wannan: a yawancin gwajin ɓera ana zura siririn zare a toshe jijiyar, bayan kamar awa guda a zare shi, jini ya dawo gaba ɗaya. An amince da altefiles a Amurka a 1996, aka faɗaɗa lokacinsa zuwa awa 4 da rabi bayan gwajin ECASS III na 2008, amma kaɗan daga cikin majinyata ne ke samunsa, kuma sau da yawa ba ya buɗe babbar jijiya. Ke nan a tsofaffin gwaje-gwajen, mutane da yawa sun karɓi magani jijiyarsu tana toshe, maganin bai isa inda ake buƙatarsa ba, gefen da ake son cetowa kuma ya mutu saboda rashin jini ko da kumburi ko babu.

Ga kuma abin da ba a cika gani a zanen littafi ba. Yayin da ƙwaƙwalwa ke kumbura, garkuwar sauran jiki faɗuwa take yi. Adirenalin da kotisol suna ƙaruwa, saifa tana tsukewa, fararen ƙwayoyin jini irin limfosait suna raguwa. Ki ɗauki dattijon da haɗiya ta gagare shi, yawu yana zarcewa huhunsa, a kwana na uku numfashinsa ya fara sauri, zazzaɓi ya taso. Ciwon huhu irin wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe majinyatanmu, kuma duk maganin da zai danne garkuwa baki ɗaya, a kan wannan mutum zai sauka. An yi tunanin a riga cutar da maganin kashe bakteriya, amma gwajin PASS na Holan da STROKE-INF na Birtaniya, dukansu a 2015, ba su nuna ingantuwar murmurewa ba.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba. Tun daga 2015, lokacin da gwajin MR CLEAN da gwaje-gwajen da suka biyo shi suka tabbatar da amfanin zaro gudan jini da bututu, a karon farko muna da majinyata da suka yi kama da ɓeran nan: an san lokacin da jijiyar ta buɗe, an kuma gani da ido. Wani magani mai toshe TLR4, ApTOLL, da aka haɗa da wannan aiki a ƙaramin gwaji a Sifen da Faransa, ya nuna raguwar mace-mace a 2023, kodayake mutanen ɗari da ɗoriya ne kawai. Gwajin MARVEL na Sin a 2024, da ya ba mutum 1,680 maganin kumburi metilfirednisolon ko maganin wofi (wanda babu sinadarin magani a cikinsa) tare da zaro gudan, bai cimma babbar manufarsa ba, amma an ga ƙarancin mutuwa da ƙarancin zubar jini a ƙwaƙwalwa a ɓangaren masu maganin.

Ɗalibar Likitanci ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina. Yanzu na ga cewa lokacin ba da magani da buɗewar jijiya suna cikin lissafin. To, ina matsayin kolcisin a wannan magana? Na ga ana yawan ambatonsa, ga shi tsohon magani ne mai sauƙin samu, an kuma ce yana taɓa NLRP3 da motsin niyutirofil, waɗanda Malam ya bayyana a sama.

Masaniyar Magunguna ta amsa:

'Yar'uwa, a nan sai ki raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai kumburin da ke cikin ƙwaƙwalwa bayan jini ya yanke, wanda aka tattauna a sama, akwai kuma kumburin da ke cikin bangon jijiya shekara da shekaru, inda kitse ke taruwa har ya fashe ya haifar da gudan jini. Kolcisin a kan na biyun aka gwada shi, don hana cutar dawowa. Tunanin ya samu ƙarfi daga gwajin CANTOS na 2017, inda kanakinumab mai toshe IL-1β ya rage sake faruwar matsalolin zuciya da jijiyoyi a mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, ba tare da ya taɓa kolestarol ba, sai dai ya ƙara yawan masu mutuwa da cututtuka masu shiga jini. Kolcisin ma ya nuna amfani ga masu ciwon jijiyoyin zuciya a gwajin COLCOT na 2019 da LoDoCo2 na 2020. Amma da aka zo kan masu shanyewar ɓarin jiki a 2024, CHANCE-3 na Sin mai mutum sama da 8,000 bai ga raguwa cikin kwana 90 ba, CONVINCE mai mutum sama da 3,000 kuma bambancin da ya samu bai kai mizanin da za a dogara da shi ba. Toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ba asali ɗaya gare ta ba: wani gudan daga zuciya ya taso, wani daga jijiyar wuya, wani kuma ƙananan jijiyoyi ne suka lalace, kuma babu dalilin zaton cewa magani ɗaya zai yi musu aiki daidai wa daida.

Da izinin Dakta, ina ganin fatan da ya ɗora a kan zamanin bututu yana buƙatar taka-tsantsan. Nerinetayid, wanda ba maganin kumburi ba ne, yana katse saƙon mutuwa ne a ƙarƙashin ƙofar NMDA, an gwada shi a irin majinyatan da Dakta ya kwatanta, mutum 1,105 a ESCAPE-NA1 na 2020, bai kuma yi nasara a jimlace ba. An ga alamar amfani ga waɗanda ba su karɓi altefiles ba, domin filasmin, sinadarin da altefiles ke samarwa don narkar da gudan, yana yanke maganin, sai aka shirya sabon gwaji musamman a kansu, shi ma bai tabbatar da abin ba. Don haka sakamakon ApTOLL da ƙananan alamun MARVEL, a wurina, dalili ne na yin babban gwaji kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da ake yi wa binciken dabbobi da kansa. Shirin SPAN na Amurka ya raba gwaji ɗaya ga ɗakunan bincike shida, ya haɗa maza da mata, tsofaffi da masu ƙiba da masu hawan jini, masu aunawa kuma ba su san wace dabba ce ta karɓi mene ne ba. Cikin hanyoyin magani shida da aka gwada, sinadarin yurik asid kaɗai ya tsallake a rahoton 2023. Biyar ɗin da suka faɗi duk suna da rahotannin nasara a baya.

Malamin Garkuwar Jiki ya ƙara da cewa:

Na yarda da Malama a kan taka-tsantsan. Abin da zan ƙara wa ɗalibarmu shi ne matsalar awo. Likita yana ganin toshewar jijiya a hoto, yana ganin gefen da ya rage, amma ba shi da abin da zai nuna masa a gefen gado ko ƙwaƙwalwar wannan majinyaci tana matakin ɓarna ne ko ta shiga matakin gyara. CRP da IL-6 da ƙidayar niyutirofil a jini suna tashi saboda ciwon huhu ko ciwon mafitsara kamar yadda suke tashi saboda ƙwaƙwalwa. Hoton ƙwaƙwalwa na musamman da ake kira PET, mai bin furotin ɗin TSPO, yana nuna inda maikurogiliya suka motsa, amma ba ya bambance mai ɓarna da mai gyara, kuma ba abin da za a yi wa majinyacin gaggawa ba ne. Muddin haka ne, gwaji zai ci gaba da haɗa wanda maganin zai taimaka da wanda zai cutar a rukuni ɗaya, sakamakon ya fito babu bambanci.

Akwai kuma ɓangaren da ke zuwa a makare, wanda ya dace ki ba shi wuri a gabatarwarki. Idan shingen ya ɓalle, garkuwar jiki tana haɗuwa da furotin ɗin ƙwaƙwalwa da a da ba ta cika ganinsu ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford sun nuna cewa a ɓeraye wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin B suna taruwa a mataccen yankin makonni bayan faruwar abin, kuma ɓerayen sun samu raunin tunawa daga baya, raunin da bai bayyana ba idan aka kawar da ƙwayoyin B. An kuma samu irin waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar wasu mamata da suka yi fama da shanyewar ɓarin jiki tare da ciwon mantuwa. Idan wannan hanya ta tabbata a mutane, lokacin ba da maganinta makonni ne bayan an sallami majinyaci daga asibiti, kuma gwajin da ke rufe lissafinsa a kwana 90 da ma'aunin tafiya da wanka ba zai iya gano ta ba.